Ranar da Na Kira Inna da Sunanta

Ranar da muka rufe Inna, gidan hayar da ta zauna a Jega ya cika har zaure, amma masu zuwa sun rasa wanda za su yi wa gaisuwa. Gaisuwar mutuwa kuwa sai da mai ita. Mace za ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ɗaga kai tana neman fuskar da za ta ce wa "ya haƙuri", sai ta ga tabarma biyu. A ɗaya matan coci ne da ɗankwali iri ɗaya, suna waƙa a hankali. A ɗayar matan unguwa ne da 'yan kasuwa, suna jan carbi a ƙarƙashin mayafi. Wasu suka gaida matar fasto, tunda a hannunta Inna ta cika. Wasu suka gaida Ta-Kimba, tsohuwar da ɗakinta ke kallon na Inna, tunda ta fi kowa kuka. Ni ina can bakin randa a raɓe, kamar wadda ta zo aron turmi ta tarar da rasuwa.

Wani dattijo, dillalin albasa daga Aliero, wanda Inna ta daɗe tana sayen lawashi a wurinsa, ya tsaya daga zaure ya ɗaga murya. "Allah shi ji..." Sai ya haɗiye sauran. Ya tuna kirista ce. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri baki ɗai." Ya juya zai fita, ya sake dawowa da hula a hannu. "Wallahi ban san abin da ya halatta in ce ba. Amma macen ga ta hi mu. Na hwaɗi, kowa ya ji."

Wata daga cikin matan coci ta zo ɗiban ruwa, ta gan ni ina share ido da bakin mayafi, ta tambaye ni cikin tausayi, "Ke ma kina sayen gabu a wurin Mama?" Na gyaɗa kai kawai.

Ni ce ɗiyarta. Bayanta na hau, tuwonta na ci, hannunta ya yi mini kitso har na isa aure. Shekara biyar da suka wuce na yi mata abin da ɗiya ba ta yi wa uwa, a gaban mutane, ban kuma nemi gafararta ba har ƙasa ta rufe ta. Tun daga Aliero har bakin kabari tambaya ɗaya nake yi wa kaina, shin da ta cika tana lissafa ni a ɗiya, ko ta riga ta cire ni. Yau kwana arba'in. Ina rubuta wannan ne don Inna ba ta bar dangi a garin nan ba, ba ta bar gida ba, in ni ma na yi shiru, bayan damina biyu ba mai tuna an yi ta.

Ba ita ta haife ni ba. Mahaifina ɗan lodin albasa ne, mota ta faɗi da su a hanyar Kurmi ina goye. Mahaifiyata ta zauna da ni a ɗakin haya har shekarar da amai da gudawa ya shigo unguwar. Ta-Kimba da bakinta ta ba ni labarin, ba ta kuma ɓoye nata laifin ba. Ta ce da ciwon ya kama mahaifiyata kowa ya ja ɗansa ya rufe ƙofa, har ita. Sai matar nan ta ƙasar Zuru, wadda mijinta tsohon soja ya kawo ta Jega ya mutu ya bar ta ba ɗa ba jika, ita ta ɗaura zane ta shiga. Kwana biyu tana kwashe ƙazanta tana ɗura ruwan gishiri da sukari. Da mahaifiyata ta ga ba tashi za ta yi ba, ta kama hannunta ta ce, "Ga amana nan. Musulma ta, ki bar min ita musulma." Inna ta ce ta ji.

An aika wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Maiyama. Ta zo, ta dube ni, shekarata uku, ƙafafu kamar tsinken tsire. Shekarar fari ce. Ta ce bakunan da ke gidanta ma sun fi ƙarfin rumbunsu, a riƙe ni tukuna, in Allah ya kawo sauƙi za ta dawo. Sauƙin ya ɗauki shekara goma sha huɗu kafin ya iso.

Kada wani ya ɗauka Inna mace ce mai sanyi. Gajera ce, baƙa, mai ƙarfin hannu, bakinta kuma ya fi barkono. Sana'arta gabu. Ranar kasuwar Aliero za ta hau akori-kura ta je ta sayo lawashi da albasar da ta fara laushi, wadda dillalai ke neman kai da ita. Ta dawo ta baje a tsakar gida, ta tsince mai kyau ta kasa, lawashin kuma ta daka, ta dunƙula, ta shanya. Hancinta na gane ruɓaɓɓiyar albasa tun buhu yana ɗaure. Ƙamshin gabu bai taɓa barin hannunta ba, ko ta wanke da sabulu ranar Lahadi. Har yanzu in na jefa gabu a miya sai na fita daga madafa na ɗan tsaya waje.

Amanar nan ta riƙe ta har abin ya zama abin dariya a unguwa. Ba ta san raka'a nawa ne a la'asar ba, amma tana jin kiran salla za ta ajiye taɓarya. "Ke, ɗiyar ga, ga buta can." In na idar da wuri ta harare ni. "Wagga salla ta yi sauri. Ta Ta-Kimba ba haka take ba. Koma ki sake." Sau nawa na maimaita sallar da ba abin da ya same ta, don kawai Inna ta ga ban daɗe a ƙasa ba! Ita ta saya mini allo, ita ta kai ni makaranta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce wa malam, "In ta yi wasa ka duka, in ka gaji ka aiko min ita." Da azumi, tana cikin cin nata abincin rana za ta juya mini baya, da yamma kuma kunun tsamiya da ƙosai na jira na tun kafin ladan ya hau. Nama bai taɓa shiga tukunyarta ba sai wanda musulmi ya yanka. Ko ranar Kirsimati, kazar da ta kiwata da hannunta sai ta rungume ta ta fita neman mai yanka. Matan coci suna tsokanarta suna ce mata Hajiya. Ta ce su ce mata ko Liman ne, tuwonta dai ba za ta ci shi ita kaɗai ba.

Ranar Lahadi takan bar ni wurin Ta-Kimba ta tafi sujada. Su biyun nan ba da daɗi suka fara ba. Ta-Kimba, in Inna ta ja ruwa a rijiya, sai ta ɗauraye guga sau uku kafin ta zura, a gaban idonta. Inna ba ta haɗiye irin wannan. Ta ce mata, "Ki ɗauraye rijiyar ma, tunda gugan da ni taɓa ciki ya shiga." Suka yi wata shida ba gaisuwa. Sai ga shi wata damina Ta-Kimba ta zame a bakin rijiyar nan ƙafarta ta karye. 'Ya'yanta maza suna gona a Kimba. Inna ta goya ta, tsohuwa mai jiki, har bakin titi, ta kai ta wurin masu ɗori a Aliero, ta riƙe kafaɗunta ana jan ƙashi tana ihu tana kiran Annabi. Wata uku Inna na ja mata ruwa. Ran farko da ta cika mata randa, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ga ruwan arniya nan. In ba ki sha, ki tashi ki jawo naki." Ta-Kimba ta yi dariya har ta yi kuka. Tun daga ranar ba a sake jin kansu ba, sai dai faɗan da ba ya wuce gishiri da aron ludayi.

Na taɓa tambayarta dalilin da ya sa take wahala a kan mutanen da ke ƙyamarta. Ta ce, "Yesu ya ce mu so maƙwabci. Na duba ko'ina ban ga inda ya ce in tambaye shi ina yake duba in za shi addu'a ba." Ta miƙo mini tsintsiya.

Abin bai zo mata a banza ba. Ina da shekara goma wani dattijon coci ya zo gida da rana, ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ni ina bayan ƙofa. Ya ce mata Allah ya sa rai a hannunta, tana mayar da shi. Ya ce ranar shari'a za a tambaye ta. Ya ce ko sau ɗaya ta kawo ni coci in ji waƙa. Inna ta ce, "Baba, abin da anka ba ni ajiya ba nawa na ba. In ɗauki ɗiyar matacciya in juya ta don uwar ba ta iya tashi ta hana, wannan sata ta. Ba a koya min sata a coci ba." Ya tashi cikin fushi. An yi wata da watanni ba a ba ta wurin zama a cikin matan gaba ba.

Da ya fita ta jawo turmi ta hau daka, hawaye na zuba cikin lawashi. Na fito na ce mene ne. Ta ce albasa ce. Can ta ajiye taɓarya ta dube ni. "Ina son ki bi hanyata hiye da yadda nike son ruwa ran zahi. Ni abin da ni gaskata ke nan, kuma tsoro nike ji maki. Amma na yi ma uwarki alkawari." Kowace safiya, kafin ta taɓa tsintsiya, tana durƙusawa a gefen gado ta yi addu'a da yarensu. Ba na jin yaren. Na dai san akwai ni a ciki, don in ta zo wani wuri sai ta miƙo hannu ta dafa ƙafata.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna ina yarinya. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "ɗiyar ga". Ko a kasuwa na ɓace mata, sai ta bi layi tana tambaya ko an ga ɗiyar ga mai jan kallabi. Na kai ƙara wurin Ta-Kimba, na ce ko sunan ne ba ta so don na musulmi ne. Ta-Kimba ta ranƙwashe ni. "Sakarai! Kin taɓa jin na kira babban ɗana da suna nai? Kunyar ɗan hwari ta. A garinsu ba a yin haka, nan ta gani ta ɗauka. Mace ba ta ɓoye sunan ɗiyar riƙo. Ta hwari aka ɓoye ma suna." Ranar na koma ɗaki ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Ni ma, kamar kowace ɗiya, sunanta bai taɓa hawa bakina ba. In wata mai irin sunan ta zo sayen gabu, sai in ce mata mai sunan Inna.

Shekarar da aka yanke mana jihar Kabi daga Sakkwato aka yi aurena. Mijina ɗan Aliero ne, manomin albasa, gidansu gidan malamai. Shi ya san komai, a rumfar Inna ya fara ganina. Da magana ta yi ƙarfi sai ga Gwaggo daga Maiyama, da mijinta da zai tsaya waliyyi. Inna ta karɓe su da kaza, ba ta ce uffan a kan shekarun da suka wuce ba. Gwaggo ta ja ni gefe. Ta ce mutanen gidan nan masu tsarki ne, in mata suka ji a ɗakin kirista na tashi, ba mai cin tuwona, kishin sauri zai same ni, 'ya'yana ma za a riƙa yi musu gori. Ta ce a ce a Maiyama na girma, ita ce uwa. Ba ta sa mini wuƙa a wuya ba. Na ji tsoro ne, na kuma so a gan ni 'yar gidan mutunci, sai na ce to.

Kayan ɗakina kaf Inna ta tara su. Tun ina 'yar shekara bakwai take sayen kwano ɗaya-ɗaya, tasa, langa, ta naɗe a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Ita ta je jere da Ta-Kimba. Da aka kai ni da la'asar na tarar da ita a kan turmi tana gyara kwanon ƙarshe a jikin bango, zufa ta jiƙa mata riga. Ɗaki ya cika da dangin miji. Uwar mijina ta shigo, mace mai fara'a, tana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya tana tambayar dangantaka. Gwaggo ta ce ita ce uwa. Sai uwar mijina ta ga 'yar sarƙar gicciye da ta leƙo daga wuyan Inna. Ba da raini ta yi tambayar ba, na rantse. Ta dafa ni ta ce, "Amarya, wagga hwa, mi take gare ki?"

Na kira sunanta. Sunan nan da ban taɓa faɗa ba tun da na iya magana, na faɗe shi tsirara, ba Inna, ba Baba, ba komai a gabansa, kamar yadda ake kiran 'yar aiki. Na ce, "Maƙwabciyarmu ta, mai gabu."

Ta-Kimba ta ce "La'ilaha illallahu" a hankali. Inna ta sauko daga kan turmi, ta karkaɗe zanenta. Na jira ta tona ni, ita da ba ta bar wa kowa magana. Ta dubi uwar mijina ta ce, "Gaskiya ta hwaɗi, Hajiya. Maƙwabciya kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ɗiyar kirki ce, ku riƙe ta da kyau." Ta ɗauki mayafinta. Ba ta tsaya cin abinci ba, ta ce mota za ta wuce ta.

Tsakanin Aliero da Jega ba tafiya ce da za ta hana mutum dawowa cin tuwon rana ba. A shekara biyar sau uku na taka gidan nan. Kowane zuwa da maganar a bakina nake sauka daga mota, in shiga, in gan ta, sai in hau tambayar farashin albasa. Ita kuma ta daina ce mini "ɗiyar ga". Sai "amarya", daga baya "uwar yaro", irin kiran da kowa a titi zai yi mini. Wannan ya ƙara karya mini guiwa. Na ce a raina shi ke nan, ta mayar da ni baƙuwa, kuma ni na saya da kuɗina. Ina tsoron ranar da za ta buɗe baki ta kira ni da sunana, don haka ba na bari zaman ya yi tsawo.

Haihuwata ta fari, da ya kamata in koma gaban uwata, Maiyama aka kai ni. Gwaggo ba ta da itacen da zai dafa ruwan wankan jego na kwana arba'in, tana ta ƙunƙuni tun ran suna. Kwana tara da haihuwa muka ji akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Inna ce, da itacen ƙirya lodi guda, da kanwa, da kayan yaji, da ƙullin gabu. Ita ta riƙa saukewa da direba. Gwaggo ta ba ta ruwa a wata tsohuwar moɗa da aka ajiye gefe, ta karɓa ta sha ta yi godiya. Ta shigo ta ɗauki yaron, ta daɗe tana kallonsa, leɓenta na motsi. Dangin mijina biyu suna ɗakin. Kalma ɗaya ce ake nema a wurina, in ce Inna. Na ce, "Sannu da hanya." Ta ce, "Maijego, a sha kunu da zahi." Da itacenta aka gasa mini jiki har na yi arba'in, ya ma ragu Gwaggo ta yi girki da shi.

Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ni ce albasar. Kullum ina da ranar da zan je. In an dasa iri. In an cire albasa. In an zuba ta a rudu, ma'ajiyar albasa. Bayan salla. Ta-Kimba ta aiko mini sau biyu cewa tsohuwar nan tari na damunta, na aika da zuma da gaisuwa.

Ran wata Laraba da azahar muna tsakar gida muna tsince albasar da ta fara ruɓa, sai ga Ta-Kimba da kanta, tana jan ƙafar nan da aka ɗora, ba ko sallama. Ta ce, "Tashi." Ban tambaya ba. A mota addu'a kawai nake Allah ya ba ni ko minti biyar. Muka sauka, muka nufi gidan fasto inda aka ce an kai ta jinya. Tun daga bakin lungu muka jiyo waƙa. Ta-Kimba ta tsaya ta dafa bango. Ruwan da aka shafa mata a leɓe bai bushe ba da na shiga, amma ta tafi. Na kama ƙafarta na ce Inna, Inna, Inna, duk wanda na hana ta a shekara biyar na zuba mata a lokacin da ba ta ji. Matan da ke wurin sun ɗauka irin kukan da kowa ke yi ne.

Ba su san ni ba, kuma ba laifinsu. Tsofaffin 'yan cocin yawanci ma'aikata ne, sabuwar jiha ta kwashe su zuwa Birnin Kabi, dattijon nan ma ya rasu. Fasto da matarsa shekararsu biyu ke nan da zuwa daga wajen Jos. Da ina zuwa da sun san fuskata.

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, ina nan raɓe a bakin randa kamar yadda na faɗa, har uwar mijina ta iso, don ta ga fitar da na yi ba ta hankali ba ce. Ta zauna cikin matan unguwa. Matar fasto ta taso ta durƙusa gaban Ta-Kimba, tana magana a hankali, amma gidan ya yi tsit, kowa na ji.

"Baba, akwai abin da ke damuna. Kwana uku Mama tana wurinmu, ke kina Kimba wurin 'ya'yanki. Tun ranar farko tana cewa, ku kiro min ɗiyar ga. Na ce wace ɗiya, Mama? Ta ce kun san ta. Na ce faɗa mini sunanta in aika. Sai ta juya fuska wajen bango. Na kawo mata 'yan matan coci ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai. Jiya da safe ta ce Aliero, muka ɗauka kasuwa take tunani. Har fasto ya roƙe ta, ya ce Mama suna kawai. Ta rufe bakinta da zane kamar mai jin kunya. Mun ce zafin ciwo ne. Ko kin san wa take nema?"

Ta-Kimba ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taso tana ɗingishi, ta ratsa tabarma biyun nan, ta kama wuyan hannuna ta ja ni har tsakiyar gida.

"Ga ta nan. Ga wadda take nema. Shekara goma sha tara bakinta bai ɗauki sunan ga ba, sai ran mutuwa za ta hwaɗa ma baƙi? Ɗiyar hwari ta!" Ta juyo kaina, ta girgiza ni. "Kin ji? Ta gwammace ta mutu ba ta gan ki ba da ta kira ki kamar ɗiyar wani."

Amsar da na zo nema ke nan, na same ta, kuma ita ce ta hana ni iske Inna da rai. Kwana uku tana kirana ina can ina tsince albasa.

Uwar mijina ta matso. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta sake yi mini tambayar da ta yi shekara biyar da suka wuce, kusan da kalmomin nan. Na ce, "Uwata ta. Ita ta goya ni, ita ta kai ni makarantar allo, kwanonin da ke ɗakina nata na. Ƙarya ni yi maku." Na jira abin da Gwaggo ta tsorata ni da shi. Sai Hajiya ta tuɓe takalminta, ta durƙusa a gabana, ita da ta haifi mijina, ta ce, "Ya haƙuri?" Daga nan mata suka taso, na wannan tabarma da na waccan, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. A hanyar komawa abu ɗaya kawai Hajiya ta ce mini. "Da kin hwaɗi tun ran nan, da na ba ta tabarma kusa da ni."

Na tambayi mahaifin mijina, wanda malami ne, abin da ya halatta in roƙa mata. Ya ce in bar ta ga wanda ya halicce ta, ya fi ni saninta, ni kuma in riƙa yin irin abin da na ga tana yi. Na karɓa, amma bai kwantar mini da hankali ba. Matar da ta durƙusa kowace safiya ta dafa ƙafata tana tsoron makomata, yau ni ce ke tsoron tata, ina idar da salla in ɗaga hannu in rasa abin da zan ce. Sai in ce, ya Allah, ka ga dai abin da ta yi. Nan nake tsayawa kullum.

Turminta yana wurina, da taɓaryar da hannunta ya cinye wa tsakiya. Ta-Kimba ta ce ba za ta bar kowa ya kama ɗakin ba sai an fitar da ita ita ma. Dillalin nan har yanzu yana ware lawashi gefe ranar kasuwa kafin ya tuna.

Wanda ya karanta wannan zai ga na ce kada a manta da ita, amma ban rubuta sunanta ba ko sau ɗaya. Ku yi mini haƙuri, ku tambayi Ta-Kimba, ko matar fasto, ko duk wanda ya taɓa sayen gabu a Jega, za su faɗa muku. Ni sau ɗaya na faɗe shi a rayuwata, ba zan ƙara ba. Inna ce.